Yadda Habibullah Ya Rage wa Babur ɗin Marayu Shan Mai

Habibullah ɗan Malam Haruna shi ya raɗa wa kansa suna Injiniya, babu wanda ya ba shi. A Gyaɗi-Gyaɗi aka haife shi, a gidansu na gado da ke wani lungu bayan titin Kotu, kuma har yau da furfura ta fara leƙowa a gemunsa bai taɓa kwana a ɗakin da guminsa ya biya ba. Ya taɓa shiga makarantar koyon fasaha, ya fito ba takarda, ya ce malaman ne ba su kai shi sani ba. Tun daga nan ya koma neman ilimi a wayar hannu, inda ba jarrabawa, ba mai ce masa ya yi kuskure.

Sana'a kuwa babu wadda bai ɗanɗana ba. Ya yi kiwon tarwaɗa a tsakar gida, ya haɗa musu wani abinci da ya gani a bidiyo, aka wayi gari duk sun juyo ciki sama, gidan ya yi mako yana ƙarni. Ya haɗa wa wani maƙwabci wutar sola, batir ya kumbura, maƙwabcin ya daina amsa masa sallama. Fankar mahaifiyarsa, Inna Uwani, ya kwance ta don ya ƙara mata gudu, tana nan a buhu ƙarƙashin gado, tsohuwa ta koma mahuci. Kowace ɓarna kuma tana da mai laifinta, wani lokaci masu ba da wuta, wani lokaci mahassada, in duk an rasa sai ya ce ƙasar ce ba ta san darajar masu basira ba.

Matarsa Bilkisu ke koyarwa a wata firamare mai zaman kanta a Babban Giji, ita ke ɗora tukunya a gidan. Shi kuwa sai hantsi ya ɗaga yake fitowa, ya soke testar gwada wuta a aljihun gaba kamar biro, ya nufi teburin mai shayi, inda 'yan zaman kashe wando irinsa ke kiransa Injiniya suna ƙyafta wa juna ido. Ya ɗauka girmamawa ce.

Wansa Isyaku daban yake. Ma'aikacin awon filaye ne, mutum mai shiru, yana haya a Tarauni da matarsa Huraira da 'ya'yansu mata, Safiyyah babba da Nana Fatima ƙarama. Abin da ya mallaka mai daraja a duniya shi ne wani baƙin babur ƙirar Japan, ɗan Kwatano, da yake shiga ƙauyuka da shi wajen aiki. Babur ɗin ba shi da kafireta irin na sauran baburan gari. Injakta gare shi: wata ƙaramar na'ura da kanikawa ke kira ƙwaƙwalwa ita ke auna iskar da ta shiga, ta fesa wa injin fetur daidai da ita. Isyaku ya san ƙaninsa sarai, don haka ko makulli bai taɓa miƙa masa ba, abin kuma ya daɗe yana ci wa Habibullah rai.

Zazzaɓin 'yan kwanaki ya ɗauke Isyaku, 'yan watanni bayan an cire tallafin mai. Da aka share makoki, ƙanin mahaifinsu, Baffa Ashiru, ya kira malami don a san yadda gado zai kasance. Da aka duba, in ka cire tabarmi da tukwane da 'yan tufafi, babur ɗin nan shi ne gadon. Malam ya yi bayani cewa matar tana da nata, uwa tana da nata, kaso mafi tsoka na 'yan matan ne, kuma tun da mamacin bai bar ɗa namiji ba, ɗan abin da ya yi saura na ƙaninsa ne. Habibullah da yake ta hamma tun farkon zama sai ga shi ya gyara hula ya matso. In da za a yanka babur ɗin a raba, abin da zai samu bai fi madubi ɗaya ba, wataƙila da ƙaho. Amma kalmar magaji ta shiga kunnensa ta zauna daram. Inna Uwani nan take ta yafe nata wa jikokinta. Shi ya ce zai yi tunani.

Shirin da aka yi a fili yake, kowa ya ji. Hayar Huraira za ta ƙare jim kaɗan bayan ta fita takaba. Wani abokin aikin marigayin mai suna Abdullateef, wanda ya san babur ɗin ciki da waje, ya ce zai saya da daraja idan lokacin ya yi. Da abin da aka samu za a sabunta haya, a saya mata firiza ta riƙa sayar da ƙanƙara da zoɓo, ta riƙe 'ya'yanta a gabanta. In hakan bai yiwu ba, sai ta koma gidan yayanta a Darmanawa, gidan da ya riga ya cika, inda aka ce ɗan lungun da za a ba ta ita da ƙaramar kawai zai ɗauka. Safiyyah, wadda ke aji huɗu, sai dai a ba da ita riƙo. Zaman uwa da 'yarta a ɗaki ɗaya ya rataya a kan babur ɗin nan, kuma Habibullah yana zaune aka faɗa.

Sai dai babur irin wannan ba a barinsa a ajiye wata da watanni, batir zai mutu, mai ya daskare a famfo. Huraira tana takaba, ba namiji a gidan. Baffa Ashiru ya duba dama ya duba hagu, bai ga kowa ba sai Habibullah, ya miƙa masa makulli ba don ransa ya so ba.

"Ka riƙa tayar da shi ya ɗumama, ka kashe. Ban ce ka hau ba, ban ce ka taɓa masa komai ba."

Habibullah ya ce haba Baffa, ai shi ba yaro ba ne. Washegari aka gan shi a kai a titin Zu, baki har kunne.

A lokacin fetur ya zama abin da ya zama, kuma yayin da ake yi a gari shi ne kowa ya kai babur ɗinsa wajen bakanike a ɗaure masa kafireta, wato a rage masa shan mai ko da zai riƙa tafiya kamar mai ciwon ƙafa. A teburin mai shayi wani ya tsokani Habibullah, ya ce naka kuma ina za a kama a ɗaure, tun da ba shi da kafireta. Aka yi dariya. Habibullah ya kurɓi shayin da ba shi zai biya ba, ya ce irin wannan da ilimi ake ɗaure shi, ba da sifana ba. Maganar ta fita daga bakinsa kafin ya san yadda ake yi, kamar yadda duk maganganunsa ke fita, sai ya zama dole ya koma waya neman hanya.

Ya samu. Akwai wasu Turawa da ke nuna wani ɗan akwati mai madannai, wanda ake saƙalawa tsakanin ƙwaƙwalwar babur da injakta, ya riƙa ruɗin ƙwaƙwalwar tana fesa mai fiye da yadda ta saba. Su don gudu suke yi. Turancin nasu yana yi wa Habibullah sauri, don haka duk inda suka tsaya dogon bayani sai ya tura bidiyon gaba zuwa inda ake kwance-kwance. Ya yi nasa lissafin cewa abin da zai iya ƙarawa zai iya ragewa. Ya ji wani irin daɗi ya rufe shi, ya tabbata ya hango abin da Turawan da kansu ba su hango ba. Har ya fara ganin layin babura a ƙofar gidansu, da allo an rubuta sunansa da manyan baƙaƙe.

Wani mai kawo kaya daga Caina ya ce zai samo masa akwatin. Da yake aljihun Injiniya ba ya ɗaukar komai sai testa, sai ya kwance salansar babur ɗin ta asali da akwatin matatar iska, ya kai su kasuwar Ƙofar Ruwa ya sayar. Ya biya mai kawo kaya, da canjin ya sayo wani buɗaɗɗen bututun hayaƙi mai ƙyalli da wata 'yar matatar iska mai kama da gwangwanin madara. Da zuciyarsa ta ɗan motsa a hanyar dawowa, sai ya tuna mata cewa shi ma magaji ne, a cikin rabonsa ya taɓa. Zuciyar ba ta sake magana ba, dama ba mai yawan magana ba ce.

A tsakar gida ya buɗe gareji, ƙarƙashin igiyar shanya. Ya shimfiɗa tsohon zanin Bilkisu ya zube kusoshi a kai, ya jingina waya da buta yana kallo yana kwancewa. Da akwatin ya iso, sai soket ɗinsa ya ƙi shiga na babur ɗin, don ba don irinsa aka ƙera shi ba. Mai hankali a nan zai tsaya. Habibullah ya kai hannu ya ɗauko almakashin ɗinki, ya datse wayoyin da suka taho tun daga masana'anta, ya feƙe su da haƙori, ya murɗe ja da ja, baƙi da baƙi, waɗanda launinsu bai zo ɗaya ba ya haɗa su bisa zato, ya naɗe da salatif. Bilkisu ta dawo daga makaranta ta tarar da babur ɗin mamaci hanji waje. Ta tambaye shi ko Huraira ta san da wannan aiki, ya ce mata ba su san inji ba, ta ba shi wuri ta ga ikon Allah.

Abin haushi, babur ɗin ya tashi. Da ya ƙi tashi da an huta. Ya tashi da wata ƙara da ta kori kajin maƙwabta, ta sa Inna Uwani salati daga ɗaki. Habibullah ya danna madannin rage mai, ya ji injin bai mutu ba, ya ƙara dannawa, ya ƙara, har madannin ya kai ƙarshensa.

Ba sai mutum ya yi karatu ba zai gane abin da ya aikata. Buɗaɗɗen bututu da buɗaɗɗiyar matata suna sa inji ya zuƙi iska fiye da da, saboda haka ƙarin mai yake buƙata. Shi kuma ya zo ya rage wanda ake ba shi tun asali. Daidai yake da ka sa mutum faskare da tsakar rana, ka ƙara masa itace, ka ɗauke tulun ruwa. Injin ya yi ta nuna masa ta kowace hanya. Bututun ya rine ya koma shuɗi saboda zafi, Habibullah ya ce ado ne. In ya saki totur sai ya riƙa harbi fat-fat kamar ana wasan wuta, ya ce ƙarfi ne ya yi masa yawa. Zafin injin ya ƙone masa gashin ƙwauri ta cikin wando. Wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa ta kama a gaban babur ɗin ta ƙi mutuwa, ya yanko salatif baƙi ya liƙe ta don tana ɗauke masa hankali.

A haka ya hau ya tafi Tarauni gaida Huraira. Tun yana bakin layi ta ji ƙarar, ba ta kawo komai a ranta ba, don shekaru ta yi tana gane dawowar mijinta da sautin babur ɗinsa mai laushi. Sai da Safiyyah ta leƙa ta dawo ta ce Baffa Habibu ne a kan babur ɗin Abba, sannan ta gane an taɓa shi. Tsakanin mace da ƙanin mijinta akwai wasa, kuma a da takan zolaye shi da sunan Injiniya su yi dariya. Ranar ba ta yi wasa ba. Ya zauna a bakin ƙofa yana zuba, yana cewa daraja yake ƙara wa kayan marayu, a wannan zamani babur da ba ya shan mai ninki za a saye shi, za ta zo tana yi masa godiya. Ta bari ya gama.

"Habibu, don girman Allah ka mayar da shi yadda yake. Ba na son ƙari. Yadda yake ya ishe mu."

Ya yi dariya ya ce tsoro irin na mata. Yana fita ta kira Baffa Ashiru a waya. Baffa ya kira shi ya wanke shi tas, shi kuma ya rantse cewa a ranar zai mayar da komai mazauninsa, alhali ya san salansa da matata sun daɗe da shiga hannun wani a Ƙofar Ruwa. Bayan kwana biyu ya ce wa Baffa an gama. Baffa mutum ne mai ciwon gwiwa, bai zo ya duba ba.

Bazara ta kankama, Huraira ta fita takaba, Abdullateef ya sa ranar zuwa ɗaukar babur. Ana saura kwanaki kaɗan, Habibullah ya ga in ya bari aka tafi da shi, duniya ba za ta taɓa sanin abin da ya ƙirƙira ba. Ya sanar a teburin mai shayi cewa da kwalba ɗaya ta fetur zai je Wudil ya dawo. Suka zuga shi, don nishaɗi kyauta ba ya zuwa kullum. Aka tsiyaye tanki a gaban shaidu, aka zuba kwalba, ya ɗaure hula da kyau, ya tashi ana gab da azahar, lokacin da kwalta ke narkewa.

Ya hau titin Maiduguri, ya wuce Tarauni ko waiwayen layin su Huraira bai yi ba, ya wuce Hotoro. Da ya bar Mariri hanya ta buɗe, ya murɗe totur har ƙarshe ya kwanta a kan tanki kamar yadda ya ga ana yi. Can sai injin ya fara wata ƙara ƙyas-ƙyas, kamar an zuba tsakuwa a gwangwani. Ƙarfi ya fara raguwa. Maganin da ya zo masa shi ne ya ƙara riƙe totur da kyau. Bai yi nisa ba ya ji wani gum a ƙarƙashinsa, farin hayaƙi ya turnuƙe, babur ɗin ya yi shiru ya gangara da shi gefen hanya. Ko ƙwarzane bai yi ba. Irinsu ba su cika jin ciwo ba, wasu ke ji a madadinsu.

A-kori-kura ce ta dawo da su. Ya roƙi direban ya bi ta lunguna kada su ratsa ta gaban mai shayi, don a duk abin da ya faru wannan ne ya fi damunsa. Ya tura babur ɗin zaure ya lulluɓe da tabarma, ya shiga ya ce wa Bilkisu kansa ke ciwo.

Ranar da Abdullateef ya zo, Habibullah ya ce batir ne ya yi sanyi. Abdullateef ya ɗaga tabarma, ya ga bututu shuɗi, ya ga ƙullin salatif yana reto, ya je ya taho da bakanike. Aka buɗe inji a gaban Baffa Ashiru, wanda aka ɗauko a adaidaita-sahu. Fistin ya huje, kan injin ya ƙone, wayoyin da aka murɗe sun narke sun taɓa juna sun tafi da ƙwaƙwalwar. Bakanike ya ce kayan irin wannan babur babu su a Kano, ko an samo daga waje gyaran zai fi sayen wani tsada. Abdullateef ya shafa sirdin, ya yi wa Isyaku addu'a, ya tafi. A ƙarshe masu sayen tsofaffin ƙarafa suka ɗauke shi, abin da suka bayar ko rabin haya bai kama ba.

Habibullah bai rasa abin faɗa ba. Ya ce man da aka zuba masa na 'yan bumburutu ne, gauraye da kananzir. Ya ce mai kawo kaya ya cuce shi da jabu. Ya ce Turawa ba su yi lissafin zafin Kano ba. Ya ce, da bakinsa, shi ma fa ya yi asara, tun da yana da rabo a ciki.

Aka sake zama a ɗakin Inna Uwani, wannan karon ba malami. Huraira ta zo da lulluɓi, ta zauna kusa da ƙofa. Mai gidan haya ya riga ya ba wani ɗakunan, yayanta ya share mata lungun Darmanawa, saura maganar Safiyyah. Baffa Ashiru ya ce shi ya tsufa, Inna ba ta iya ko ɗaukar buta, don haka bisa al'ada ƙanin uba shi ne uba. Ya ce Habibullah ya karɓi yarinyar. Gyaɗi-Gyaɗi da Darmanawa ba nisa, za ta ci gaba da makarantarta, uwarta ta riƙa ganinta duk sanda ta so. Bilkisu ta ce wallahi ta karɓa hannu biyu, kuma da gaske take. Habibullah ya sunkuyar da kai, yana lissafin bakin da za a ƙara a kwanon tuwo.

Huraira ta ɗago kai. Da ta yi magana, Baffa ta kalla.

"Baffa, a yi mini afuwa. Akwai gwaggona a Rano, ta ce a kai mata ita."

Baffa ya ce Rano fa, Huraira, sai ki yi wata nawa ba ki sa ta a ido ba, ga makarantarta.

"Na sani. Gara in riƙa ganinta daga sallah sai sallah. Bilkisu, ki yafe ni, kin san ba don ke ba ne."

Inna Uwani ta ja mayafi ta rufe fuska tana kuka a hankali. Baffa ya buɗe baki zai yi lallashi, ya dubi ɗan wansa, ya fasa. Abin da Habibullah ya ji a lokacin, in za a faɗi gaskiya, sauƙi ne. Kunyar ta zo daga baya, 'yar kaɗan, ita ma saboda an faɗa a gaban matarsa.

Ranar tafiya Huraira ta biyo da Safiyyah ta yi sallama da kakarta, da 'yar jakar makaranta a baya da ƙullin kaya a leda. Habibullah na jin muryarsu a zaure ya shige ɗaki ya tura ƙofa ya kwanta. Yarinyar ta gaida Inna, ta gaida Bilkisu, sannan ta zo bakin ƙofarsa ta durƙusa, don an koya mata ba a tafiya ba a sallami baffa ba. Ta yi sallama, ta sake yi. Ya ja numfashi irin na mai barci, har da ɗan minshari don abin ya yi kyau. Yana ji uwar ta ce mata ta taso, mota ba ta jira.

Bilkisu ta raka su har bakin titi, ta tsaya sai da adaidaita-sahun ta sha kwana. Ta dawo idanunta jajir, ta tura ƙofar da ƙafa.

"Sun tafi. Kana iya fitowa."

Ya tashi zaune, ya yi miƙa, ya murza ido. Ya tambaye ta ko akwai sauran ɗumame.